Yadda Ake Maganin Kaska a Jikin Shanu da Ƙananan Dabbobi, Mataki-Mataki

Da zarar ruwa ya sauka, tambaya ɗaya ce makiyaya da masu kiwo a gida suke ta maimaitawa: an yi feshi kaska ba ta mutu ba, wane magani ne ya fi ƙarfi? Sau da yawa ba daga ƙarfin maganin matsalar take ba. Ko dai an cika masa ruwa, ko an watsa shi a gadon baya alhali kaskar tana hantsa da matsematsi, ko kuma an fara feshin ne bayan ta sha jini ta faɗo ta zuba ƙwai. Ma'aunan da ke cikin wannan jagora na magungunan da aka fi samu ne a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. In abin da aka rubuta a jikin kwalbarka ya saɓa da su, bi na kwalbar.

1. Kama dabba ka duba, ka san wace kaska ce

Ba a duba kaska daga nesa. Ɗaure shanu biyar ko shida daga cikin garken, har da maraƙi ɗaya, ka bi su da hannu: cikin kunne, fatar da ke reto a ƙarƙashin wuya, ƙirji, hammata, cibiya, hantsa ko maraina, matsematsi, kewayen dubura, gashin bakin wutsiya, da tsakanin kofato. Iri uku ne suka fi damun shanu a ƙasarmu, kuma kowace da wurin zamanta da cutar da take kawowa.

Mai ado, wadda likitocin dabbobi ke kira Amblyomma variegatum. Namijin yana da zane ja-ja mai sheƙi a bayansa, macen kuma in ta ƙoshi takan kai girman kan babban yatsa. Bakinta dogo ne, yana nutsewa sosai cikin fata. Tana taruwa a hantsa, maraina, ƙirji da hammata. Ita ce ke lalata kan nono har saniya ta hana maraƙi sha, ita ce ke kawo ciwon ruwan zuciya, kuma inda ta yi yawa nan kirci ke tsananta. In a garkenka za a yaƙi kaska iri ɗaya tak, to wannan ce.

Shuɗiya, dangin Boophilus. Ƙarama ce, bakinta gajere, launinta toka-toka mai ratsin shuɗi in ta sha jini. Takan bazu a wuya, kafaɗa, gefen ciki da cinya, wani lokaci ɗaruruwa a jikin saniya ɗaya. Ita ce ke kawo fitsarin jini da ciwon shawara na shanu. Akwai wata 'yar uwarta mai suna Rhipicephalus microplus da aka fara gani a Afirka ta Yamma a ƙasar Kodebuwa a 2007, daga baya a Jamhuriyar Binin, ta biyo shanun da aka shigo da su daga Barazil. Ta fi ta gida saurin hayayyafa da jure magani, kuma tana ɗauke da nau'in fitsarin jini mafi kisa. Da ido ba ka bambanta su, sai a ɗakin gwaji.

Mai zoben ƙafa, dangin Hyalomma. Baƙa ce ko ja mai duhu, ƙafafunta dogaye masu zobe fari-fari, tana gudu a ƙasa ta bi dabba. Tana maƙalewa a kewayen dubura, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato. Ta fi sauran jure fari, shi ya sa ta fi yawa can arewa, har a jikin raƙuma. Wannan ce ta fi haɗari ga mutum, kamar yadda zai zo a mataki na 9.

Gargaɗi: kada ka tsinke kaska da hannu tsirara, kada kuma ka fasa ta tsakanin farce. Wadda ka cire, jefa ta a wuta ko a gwangwani mai ɗan kananzir. In ka yar da ƙosasshiyar mace a ƙasa, aikinta ka sauƙaƙa mata.

2. Tsayar da lokaci

Kaskar da kake gani a jikin dabba kaɗan ce daga abin da ke akwai. Mafi yawa suna ƙasa, a matsayin ƙwai ko 'ya'ya masu jira a ciyawa. Macen takan sha jini ta faɗo, ta shige gindin ciyawa ko tsagar ƙasa, ta zuba ƙwai, ta mutu. Mai ado ɗaya tana iya zuba ƙwai har 20,000, shuɗiya kuwa wajen 2,000 zuwa 3,000. Don haka manufar feshi ita ce a kashe macen kafin ta ƙoshi ta faɗo.

Mai ado tana hawa dabba sau uku a rayuwarta, tana sauka bayan kowane sha. A yankin da ke da damina ɗaya, manyanta suna fitowa ne da ruwan farko, su yi yawa cikin makonnin farko na damina. Ƙananan 'ya'yanta masu ƙafa shida suna bayyana a ƙarshen damina da kaka, matsakaitan kuma da hunturu. Shuɗiya ita hawa ɗaya take yi, ta zauna a jikin saniya kamar mako uku tun tana ƙarama har ta ƙoshi, kuma takan yi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka.

Tsarin da ya dace da shanun gida, irin su Bunaji, Rahaji, Bokolo da Azawak, shi ne wannan. Fara lissafi daga ruwan farko da ya jiƙa ƙasa sosai, ba daga kalanda ba, domin daminar Jos da kudancin Kaduna ta riga ta Kano, ta Kano kuma ta riga ta Maraɗi da Damagaram. Daga nan yi feshi kowane mako har mako 8 zuwa 12. Bayan haka koma duk mako biyu ko uku har kaka ta wuce. Da rani duba kawai, ka yi wa wadda ta tara kaska ita kaɗai. A kowane garke za ka tarar 'yan shanu ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawan kaskar.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa so su ji: ba a son a share kaska ƙarƙaf daga jikin shanun gida. Maraƙi yana da kariya ta halitta daga fitsarin jini da shawara har zuwa wajen wata tara. In 'yar kaska ta cije shi a wannan tsakani, sai ya kamu da cutar sama-sama ya samu garkuwa mai ɗorewa. Wanda ya tashi bai taɓa haɗuwa da kaska ba, ranar da ta same shi yana babba, cutar na iya kayar da shi. Shanun madara 'yan waje da ruwa-biyunsu, kamar jinin Friesian, hukuncinsu daban: ba su da juriya, su kam a tsare su duk shekara ba fashi.

3. Zaɓi magani, ka lissafa kuɗinsa

Kada sunan kamfani ya ruɗe ka. Nemi sunan sinadarin da ƙarfinsa, galibi an rubuta su da ƙananan haruffa a ƙarƙashin babban suna. Magungunan gida huɗu ne a kasuwa, wato dangin sinadari huɗu.

Amitraz 12.5%, na feshi: mililita 2 a kowace lita ta ruwa. Yana sa kaska ta saki fata ta faɗo cikin sa'o'i, amma ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa ake maimaitawa mako-mako. Gargaɗi: ba a sa wa doki ko jaki, yana tsayar musu da hanji har ya kashe su. Ba a sa wa kyanwa.

Gidan cypermethrin, deltamethrin da flumethrin. Cypermethrin 10% galibi ml 1 ne a lita. Flumethrin 1% da deltamethrin 1% na zubawa ne a gadon baya ba tare da ruwa ba, ml 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Wannan gida yana rage ƙudaje ma, amma guba ne mai tsanani ga kifi.

Gidan diazinon, chlorfenvinphos da coumaphos. Suna aiki, sai dai sun fi sauran haɗari ga mai feshi da ga maruƙa. In akwai zaɓi, mai kiwo a gida ya bar su.

Ivermectin 1%, allura a ƙarƙashin fata, ml 1 ga kilo 50. Yana rage shuɗiya da tsutsar ciki, amma ba ya wadatarwa a kan mai ado. Ba a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane su sha, kuma ba a yanka dabbar sai bayan mako biyar zuwa bakwai, gwargwadon abin da kwalba ta ce.

Farashi yana canzawa kusan kowane wata, don haka ga yadda za ka lissafa da kanka. Babbar saniya tana shan lita 4 na haɗaɗɗen ruwa kafin ta jiƙe yadda ya kamata. Kwalbar amitraz ta ml 100 tana haɗa lita 50, wato shanu 12. Ta lita ɗaya tana haɗa lita 500, wato feshin shanu 125. Mai shanu 30 yana bukatar lita 120 na ruwa da ml 240 na magani a kowane feshi, kusan lita 3 ke nan na magani a mako 12. In na zubawa a baya zai yi amfani da shi, shanu 30 masu nauyin kilo 270 za su ci ml 810 a karo ɗaya, amma sai bayan mako biyu zuwa uku zai maimaita, kuma babu jidar ruwa. Raba kuɗin kwalba da yawan shanun da za ta yi, ka kwatanta. Kwalba mai araha da ta ƙare a shanu goma ba araha ba ce.

Saya a shagon magungunan dabbobi, ka duba lambar NAFDAC in a Najeriya kake, da ranar ƙarewar aiki, da hatimin murfi. Wanda ake ɗurawa a kwalaben lemo a ranar kasuwa, ba ka san abin da ke ciki ba balle ƙarfinsa.

Gargaɗi: maganin ƙwarin gona, Sniper, piya-piya, baƙin mai da kananzir ba maganin dabba ba ne. Suna kashe kaska, gaskiya ne, amma suna ƙona fata, suna ratsawa cikin jini, wasu kuma suna fitowa a nono da nama.

4. Tanadi kaya, ka haɗa

Injin feshi na goyo mai lita 16 ko 20, wanda ba a taɓa zuba maganin ciyawa a ciki ba; sirinji na ml 20 ko 50 don aunawa; bokiti da sandar motsawa; ruwa mai tsabta; igiya ko shingen matse dabba; safar hannu ta roba, dogon takalmin roba, takunkumi, da riga mai dogon hannu; sabulu.

Fara tabbatar da girman injin, domin da yawa daga masu cewa nasu lita 20 ne, 16 suke goye da shi. Lita 20 na bukatar ml 40 na amitraz, lita 16 kuma ml 32. Zuba maganin a lita biyu na ruwa a bokiti, ka motsa har ya yi fari, ka juye a injin da ke da rabin ruwa, sannan ka cika ka girgiza.

Gargaɗi: murfin kwalba ba ma'auni ba ne, haka ma kallon farin ruwan da ido. Ragin magani don ya kai ga dukkan garke shi ne babbar hanyar da kaska ke koyon jure shi: raunana su mutu, masu ƙarfi su rayu su haihu. Ƙari kuma don a ce ya yi zafi, dabba yake bugarwa. Ruwan kududdufi mai laka yana rage ƙarfin magani yana toshe bakin inji. In shi kaɗai ke akwai, bar shi ya kwanta ka tace. Amitraz da aka haɗa ba ya kwana, haɗa iya abin da za ka ƙarar a ranar.

5. Yi feshin

Da sassafe ko da la'asar sakaliya, ranar da ba hadari. Ruwan sama da ya sauka kafin gashi ya bushe ya wanke kuɗinka. Shayar da dabbobin tukuna, don mai ƙishi takan lashi jikinta. A tatsi nono kafin feshi, ba bayansa ba, kuma a raba maruƙa da iyayensu har hantsa ta bushe. Zaɓi wuri nesa da rijiya, rafi da tafki, ka ba iska baya.

Ɗaya bayan ɗaya ake yi, a ɗaure. Fara daga ƙasa da baya, kana harba ruwan sama yana ɗaga gashi: tsakanin kofato, ƙafafun baya ciki da waje, hantsa ko maraina, matsematsi. Ɗaga wutsiya ka jiƙa kewayen dubura, ka tsoma gashin bakin wutsiyar. Daga nan ciki, cibiya, hammata, ƙirji da ƙafafun gaba, sai gefe da gefe, gadon baya da tozo, wuya da fatarsa. Kai da cikin kunne su ne na ƙarshe, domin da zarar ruwa ya taɓa kai dabba ta fara kokawa. Kare ido da hanci.

Ma'aunin ko ka yi daidai mai sauƙi ne: injin lita 20 ya ƙare a shanu biyar. In ya kai maka ashirin, yayyafi ka yi. Tunkiya ko akuya lita ɗaya ta ishe ta, a kula da kunne, kofato da ƙarƙashin wutsiya.

Na zubawa a baya yana bukatar nauyin dabba. In babu sikeli, auna kewayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, da tsawo daga gaɓar kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Kewaye 150 da tsawo 130 ya ba da wajen kilo 270, wato ml 27. Zuba a layi daga bayan tozo zuwa gindin wutsiya a kan busasshen gashi.

Akwai wata dabara da ta dace da garken da ke kwana wuri ɗaya. Binciken da aka yi a cibiyar binciken kiwo ta CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso ya nuna cewa manyan mai ado suna fara maƙalewa ne a tsakanin kofato lokacin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare suke hawa hantsa da ƙirji. Saboda haka in aka gina kwarmin siminti a ƙofar shinge, faɗin saniya ɗaya, tsawon kamar mita 3, aka zuba haɗin magani na gidan cypermethrin mai zurfin santimita 15 zuwa 20, shanu suka ratsa ta ciki da yamma suna dawowa daga kiwo duk bayan kwana biyu ko uku a farkon damina, yawancin kaskar ba ta kaiwa hantsa. Garke guda yana wucewa cikin 'yan mintuna. Ginin ne ke cin kuɗi, shi ya sa ya fi kyau maƙwabta su haɗa hannu. Wucewa da safe ba ta da amfani, kaskar jiya ta riga ta hau.

Bayan aiki, ɗauraye injin a rami nesa da ruwan sha, huda kwalbar da ta ƙare ka binne, ka yi wanka da sabulu kafin ka ci wani abu. Gargaɗi: in dabba ta yi laushi, ko tana zubar da yawu ko rawar jiki, wanke ta da ruwa da sabulu a inuwa, a kira likita. In mutum ne ya sha ko ya shaƙa har jiri ya kama shi, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara. A kai shi asibiti tare da kwalbar.

6. Koma ka duba bayan kwana uku

Shanun da ka duba a mataki na 1 su za ka sake kamawa. Matacciyar kaska tana iya zama a maƙale, a bushe a yamutse. Wannan ba matsala ba ce. In ka ga rayayyu suna ta kumbura, bincika kanka kafin ka zargi magani: an auna da sirinji? Lita nawa kowace ta samu? An yi ruwa? In komai daidai ne kuma sau biyu a jere ba sauyi, canza gida. Daga cypermethrin zuwa deltamethrin ba canji ba ne, gida ɗaya suke. Daga amitraz zuwa cypermethrin shi ne canji. Kada ka gauraya biyu a inji ɗaya. Zuba wasu ƙosassun kaska a kwalba mai hudajjen murfi ka kai wa likitan dabbobi, zai iya turawa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a Nijar kuma ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL a Yamai.

7. Toshe ƙofofin da take shigowa

Dabbar da aka sayo daga kara, a yi mata magani ranar da ta iso, a ware ta mako uku, a maimaita kafin ta shiga garke. Kaska mai jure magani a bayan mota take zuwa gari. Ragon da ke turke a cikin gida ma yana samun kaska, daga ɗanyar ciyawar da ake yanko masa. A shanya ta a rana tukuna. A sassabe doguwar ciyawa a kewayen shinge, a kwashe taki, a liƙe tsagar bango, domin kaskar kare da ta kaji a nan suke ɓuya, ta kajin ma da dare kawai take fitowa ta sha jini ta koma. Kaji da zabi da ke kiwo a makwancin shanu suna tsince ƙosassun da suka faɗo, amma a kulle su ranar feshi. Carki yana cin kaska sosai. Balbela dai yawanci fara da ƙwarin da shanu suka tayar take bi. Ƙona daji ba mu ba da shawararsa: kaskar da ke cikin tsagar ƙasa tana tsira, abincin rani ne ke ƙonewa.

8. Gane ciwon da kaska ta kawo

Ajiye ma'aunin zafi. Zafin saniya lafiyayya a dubura yana tsakanin digiri 38 da 39.3, in ya haura 39.5 da sanyin safiya, zazzaɓi ne. Allurai aikin likita ne ko ma'aikacin da aka horar, amma mai dabba ya kamata ya san abin da yake kallo, domin kwana ɗaya na jinkiri yana raba rai da mutuwa.

Ruwan zuciya, wanda wasu makiyaya ke kira kabowa. Yana bayyana kamar mako biyu bayan cizon mai ado. Zazzaɓi ya haura 40, dabba ta riƙa ɗaga ƙafa sama-sama in tana tafiya, tana zagaye, tana ƙifta ido da taunar banza, daga baya ta faɗi tana shure-shure da kumfa a hanci. Ya fi kashe tumaki, awaki da shanun waje. In an feɗe, za a ga ruwa rawaya-rawaya kewaye da zuciya da cikin ƙirji. Oxytetracycline mai dogon aiki na 20%, ml 1 ga kilo 10 a tsoka, yana ceto in an yi tun ana matakin zazzaɓi. Bayan ta faɗi, da wuya.

Fitsarin jini. Zazzaɓi, dasashi da cikin ido su yi fari sannan rawaya, fitsari ya koma ja mai duhu. Maganinsa diminazene, wanda aka fi sani da Berenil, shi ne dai na sammore: ƙaramin ƙunshi mai giram 2.36 a narka a ml 12.5 na tsabtataccen ruwa, ya ishi kilo 300. Gargaɗi: ba a yi wa raƙumi, guba ne gare shi. Kada a kora dabbar kiwo mai nisa, jininta ya ragu, tana iya faɗuwa a hanya.

Shawara. Tana kama da fitsarin jini, sai dai fitsarin ba ya ja, kashi yana tauri, kuma ta fi jinkirin bayyana. Berenil ba ya mata aiki, oxytetracycline ko imidocarb ake bayarwa. Ban da kaska, allura ɗaya da ake zagaya garke da ita tana yaɗa ta. A canza allura ko a dafa ta.

Kirci. Gashi ya fara tsaitsayawa curi-curi, ya zama ɓawo mai kauri a baya, ciki da ƙafafu, musamman da damina. Ware mai shi, a yi masa oxytetracycline mai dogon aiki, a ƙona ɓawon da ya zubo. Muddin mai ado tana jikin garken, zai dawo baɗi.

Kowace allura tana da kwanakin da ba a shan nono ba a cin nama bayanta. Suna rubuce a kwalba, a kiyaye su.

9. In ta ciji mutum

Kama ta da hantsaki ko matsefata daf da fata, a wurin bakinta, ka ja a hankali kai tsaye ba murɗawa har ta saki. Kada a ƙona ta da ashana, kada a shafa mata kananzir ko man shafawa, kada a matse cikinta, duk waɗannan suna iya sa ta amayar da abin da ke cikinta a jiki. In ɗan bakin ya karye a ciki kuma ba ya fita da sauƙi, a bar shi, fata za ta fitar da shi. Wanke wurin da sabulu, ka riƙe ranar a kanka. Yaran da ke bin shanu a duba musu kai, bayan kunne, hammata da matsematsi kowace yamma da damina.

Cizon mai ado yana iya kawo zazzaɓi da ciwon kai, da baƙin tabo a inda ta ciza, da kaluluwa. Maganin maleriya ba ya taɓa shi, a asibiti doxycycline ake bayarwa.

Mafi haɗari shi ne zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini, wanda mai zoben ƙafa ke yaɗawa. An samu masu shi a Muritaniya, Sanigal da Sudan, kuma an gano ƙwayar cutar a jikin kaska a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alamar komai, amma jininta na iya harbin mutum na kamar mako guda, saboda haka mahauta, masu fiɗa da masu tsinkar kaska su suka fi shiga haɗari. Dabbar yanka, har da ragon layya, a yi mata maganin kaska mako biyu kafin ranar, ba ana gobe ba, kuma mai rauni a hannu ya sa safar roba kafin ya taɓa jini. Naman da aka dafa ba ya ɗauke da cutar.

Alamu suna zuwa farat ɗaya, kwana 1 zuwa 3 bayan cizo, iyaka 9, ko kwana 5 zuwa 6 bayan taɓa jini, iyaka 13: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da baya, jan ido, amai, daga baya haɓo, jini a dasashi ko tabon jini a ƙarƙashin fata. Gargaɗi: kada a sha aspirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini, paracetamol kaɗai kafin a isa asibiti. Masu jinya kada su taɓa jini ko aman majinyaci da hannu tsirara. A faɗa wa likita tun daga farko cewa kaska ta ciji majinyacin ko ya yi yanka, da ranar da abin ya faru, in ba haka ba za a ɗauka maleriya ce ko taifot. A Najeriya ana iya kiran hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC kyauta a lamba 6232.